Inda Kwamfuta Ta Ce A Haƙa

Mako biyu kacal Mukhtari ya yi a Sakkwato wurin koyon taswirar kwamfuta, amma da ya dawo Illela sai ka rantse shi ya rataye tauraron ɗan'adam a sama da hannunsa. Wata ƙungiya ce ta tara matasa ta koya musu yadda ake sa alamar ƙauyuka a taswira don aikin rigakafi. Aka gama, aka sallami kowa, ba a sake neman Mukhtari ba. Shi kuwa bai ɗauki wannan a bakin komai ba. Ya sayo wata tsohuwar kwamfutar cinya wadda sai an tokare murfinta da kwalba take tsayuwa, ya riƙe rigar leda mai ƙyalli da aka ba su a wurin horo, ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Ko hanyar kasuwa ka tambaye shi, sai ya ce ka dakata ya yi nazari.

A lokacin kuwa Unguwar Marina ba ta da wata damuwa da ta wuce ruwa. Rijiyoyi sun ƙafe, 'yan garuwa sun koma sai wanda suka ga dama, mata kullum suna kan hanya da bokiti. Atika matar Mukhtari har ta yi kanta a tsakar kai saboda ɗaukar jarka. Ana cikin haka sai Alhaji Maccido dillalin albasa ya ce zai haƙa burtsatse sadaka, ladan ya kai ga mahaifiyarsa marigayiya Hajiya Ummu. Murna ba ta kwana ba ta zama rigima. 'Yan tudu suka ce a tudu za a haƙa, 'yan gangare suka ce ai ko mahaukaci ya san ruwa gangare yake bi. Aka yi taro a ƙofar masallaci bayan la'asar, aka yi ta ɗaga murya har Alhaji ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Ni na gaji," in ji shi. "In ba ku shirya ba, Gidan Katta za ni kai ta, can gonakina suke."

Nan ne fa Mukhtari ya ga ranarsa ta zo. Ya tashi rungume da kwamfuta, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Baba Alhaji, wagga matsala tun tuni ilimi yaw wuce ta. Kowane gida ɗigo guda na cikin na'ura. In na tara ɗigon, ita ka aunawa ta hidda cibiyar jama'a, wurin da ba a cuci kowa ba wajen tahiya. Sannan in zana zobe kewayen kowane masai da maƙabarta, in ce mata kar a haƙa cikin zobe. Sannan in ɗora taswira bisa taswira, awa tabarma bisa tabarma. Inda yar rage, nan na wurin ruwa."

Jabir mai shinkafa, wanda shi ne bakin 'yan tudu, ya ce, "To ita na'urar, 'yat tudu ta ko 'yar gangare?"

"Ba ta da dangi garin ga."

Wannan magana ta shiga Alhaji. Da Mukhtari ya tsaya nan, da an rabu lafiya. Amma ina, daɗin baki ya ɗebe shi. Ya ce shi ba ya son ya sha wahalar nazari a zo ana yi masa gardama irin ta mutanen da ba su je ko'ina ba, sai dai Alhaji ya rantse a gaban jama'a cewa duk inda na'ura ta nuna, nan za a haƙa. Liman Malam Uzair ya ɗaga hannu ya ce rantsuwa ba abin wasa ba ce, a bari a ga wurin tukuna.

"Allah shi gahwarta Malam, kai da littahi, ni da taswira," in ji Mukhtari. "Kowa shi tsaya hwanninai."

Alhaji, da ya riga ya ƙosa, ya rantse da Allah a gaban kowa. Ya ce motar haƙa za ta zo ranar Asabar mai zuwa, kuma ba za ta yi jiran kowa ba.

Washegari Mukhtari ya zura rigarsa mai ƙyalli, ya kafa hular hana-salla, ya fita da waya a hannu don ɗaukar ɗigon gidaje. Abin da ba a koya masa a Sakkwato ba shi ne, a garin bakin iyaka, mutum mai rigar ƙyalli da ya tsaya a ƙofar gidanka yana danna na'ura, fassara ɗaya gare shi. Gidan farko na Jabir ne. Zauren cike yake da wasu buhuna da aka lulluɓe da tabarmi, waɗanda ba su shigo gari ta babbar hanya ba. Jabir ya fito a guje, ya tare ƙofa da faɗin rigarsa.

"Mi kaka dannawa nan?"

"Gidanka nika sawa cikin tauraro."

"Tauraron wa? Wa ka gani can sama?"

"Duniya duka ka gani."

"Duniya duka! Har da masu baƙar hula na bakin shinge? Mukhtari, mi nay yi ma? Ni nib biya raɗin sunan ɗanka rabin rago!"

Kafin Mukhtari ya kai gida na uku, labari ya riga shi kaiwa ƙarshen unguwa cewa ya kama aiki da kwastan. Ƙofofi suka dinga rufuwa gabansa garam-garam. Ta bayan gidaje kuwa sai miƙa buhuna da jarkokin fetur ake yi ta kan katanga, wannan ya tura wa maƙwabcinsa, maƙwabcin ya tura gaba, har wani buhu ya zagayo ya dawo wa mai shi. A gangare wata tsohuwa ta leƙo ta ce masa mutanen gidan sun yi ƙaura tun bara, alhali ana jin dakan sakwara a ciki da kukan jariri. Ya matsa zai yi mata bayani, sai ruwan wanke-wanke ya sauko masa daga indararo, da guntun tuwo da komai.

Ya koma gida yana ɗiga. Atika ta dube shi sama da ƙasa.

"A'a, Injiniya, har an samu ruwan?"

"Jahilci na yay yi ma garin ga yawa."

"Ni dai ka ji ni da kyau. Matan unguwa sun ce mijina yak karɓi maganar ruwansu. In ruwan ga yaɓ ɓata, ban da idon da zan dube su."

Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, babban injiniya ba ya yawon rana da kansa, ma'aikata gare shi. Ma'aikacin nan kuwa shi ne Sahabi ƙanin Atika, magidanci ɗan kabu-kabu, wanda kullum yana kan hanyar Illela da Konni ta tsallaken iyaka da fasinja da kaya, kuma ba gidan da ake ɓoye masa komai. Mukhtari ya ba shi wayar, ya nuna masa wurin dannawa.

"Duk gidan da ɗan unguwag ga ka kwana, ka tsaya bakin ƙohwa ka danna. Kak ka bar ko guda."

"Duk inda suka kwana?"

"Sai na hwaɗi da Turanci?"

Sahabi ya ɗaga kafaɗa, ya tayar da babur. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da wayar cike da ɗigo. Mukhtari ya zuba su cikin kwamfuta, baki har kunne. Ya lura ɗigon sun yi tsawo sun miƙe arewa kamar jelar saniya, sai ya ce ashe unguwa ta bunƙasa haka ba a sani ba, ka ga amfanin ilimi. Ya kuma ga wani siririn layi ya ratsa taswirar daga gabas zuwa yamma yana ɓata masa kyan aiki. Ya goga allon da hannun riga, layin bai fita ba, sai ya nemo shi a cikin na'ura ya share.

Daga nan ya shiga zana zobba. Da yake ba gidan da ba shi da masai a Illela, zobe ya hau zobe, ja ya rufe ko'ina. Atika ta kawo masa fura ta leƙa.

"To ina unguwar tat tahi?"

"Tana ƙarƙashin nazari."

"Allah shi hisshe ta lahiya."

Ranar Asabar da hantsi motar haƙa ta iso, ƙatuwa, da bututu a bayanta. Unguwa ta fito ƙwai da kwarkwata. Mata suka jera bokitai suna guɗa, Atika a gaba da sabon bokitinta, yau ita ce matar Injiniya. Mukhtari ya sa babbar riga, ya ɗora rigar ƙyalli a kai. Ya ce don a san ba cuta, shi kansa bai duba sakamako ba, a gaban kowa za a danna. Aka tokare murfin kwamfuta da kwalba, ya yi bisimilla ya danna. Na'ura ta yi ta juyi, can sai ga jan ɗigo a kan wani fili. Ya tura lambobin cikin waya, kibiya ta fito ta nuna arewa.

'Yan tudu suka kaure da kabbara, don arewa tudu ne. Jabir har ya rungume shi ya ce dama shi bai taɓa yarda da zancen kwastan ɗin nan ba. Mukhtari ya saci kallon nisan da waya ta rubuta a ƙasan kibiyar, ya ga ya yi yawa, amma ya ce a ransa rashin sabis ne, ya rufe wurin da babban yatsa.

Aka ɗunguma. Mukhtari a gaba da waya a sama, Alhaji da Liman a bayansa, sai maza, sai mata da bokitai, motar haƙa tana biye tana gurnani. Aka wuce masallaci, aka wuce ƙofar Jabir. Jabir ya rage murya. Aka wuce gidan ƙarshe na tudu, kibiya ba ta ko karkata ba. Aka faɗa hanyar amalanke, cikin gonakin da aka girbe, karan gero yana soke ƙafafu.

"Injiniya, da saura?" in ji Alhaji, yana fifita da hula.

"Nan kusa na, Baba Alhaji."

"Nan kusa na Bahillace ko na na'ura?"

"Ruwa mai kyau ba shi son hayaniya, Baba. Shi yas sa tah hito da mu bayan gari."

Guɗa ta mutu, sai ƙarar bokitai. Rana ta take. Direban motar haƙa ya leƙo ya ce shi dai an ce masa cikin gari ne. Can aka iso wani turken siminti tsaye a tsakiyar gona, da lambobi a jikinsa. Kowa a wurin ya san turken nan, har Mukhtari, don ba ɗan Illela da bai taɓa wuce shi a kan babur ba. Jama'a suka tsaya cak. Mukhtari ya dafa turken ya ce wannan alama ce ta masana na dā, kuma ta tabbatar da ana kan daidai.

Bai rufe baki ba, wayoyin mutane suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya. Liman ya zaro tasa ya miƙa masa.

"Karanta muna, kai da kas san boko."

Mukhtari ya duba, ya ga rubutu da Faransanci. Ya ce gaisuwa ce kawai.

"Gaisuwa ta," in ji Sahabi daga kan babur. "Cewa sunka yi barka da zuwa Nijar."

Da mai hankali ne, nan zai zauna a kan turken ya nemi gafara. Mukhtari kuwa ya ce saura ƙiris, ya ƙara sauri, jama'a suka bi shi don yanzu kowa yana son ya ga ƙarshen abin. Sai da aka iso gindin wani babban gawo, a gefen wata 'yar tunga mai bukkoki da rumbuna, sannan wayar ta yi ƙara, kibiya ta zama tuta. Mutanen tungar suka fito suna kallon ikon Allah, ga baƙi da bokitai babu ruwa, ga mota kamar gida. Mai garinsu, wani dattijo Attahiru, ya zo yana dogara sanda. Bayansa sai ga jandarma a kan babur, ya kashe inji, ya cire tabarau.

"Sannunku da rana. Wa ash shugaban tahiyag ga?"

Ba a taɓa samun 'yan tudu da 'yan gangare sun haɗa kai ba sai ran nan. Hannu ɗaya suka ɗaga, duk suka nuna Mukhtari. Shi kuwa tuni ya tuɓe rigar ƙyalli yana ƙoƙarin cusa ta cikin aljihu.

"Ranka shi daɗe, kuskuren ma'aikaci na," in ji shi. "Sahabi! Ina kad danna?"

"Inda kac ce. Duk gidan da ɗan unguwa ka kwana."

"Illela nika nuhi!"

"Ba ka ce Illela ba. Wa ag ga unguwarmu da ba shi kwana Konni ran kasuwa? Wanga na da shago can, wanga gidan kawunai, wanga ɗiyatai ka aure can. Kuma ni na so in danna na nan gida, su sunka hana. Jabir yac ce in kuskura in danna ƙohwatai ta Illela shi sace min iskan taya, in tahi in danna ta Konni, can ba komi sai tabarma."

"Ƙarya kakai!" in ji Jabir.

"Har hura kas saya min."

Wani daga gangare ya fashe da dariya, Sahabi ya juyo ya ce shi ma ai haka ya ce. Ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsa. Kafin ya gama, duk mazan unguwa sun sunkuyar da kai suna nazarin takalmansu, mata kuwa sun saki baki suna kallonsu. Ɗigo kaɗan ne aka danna a Illela, saura duk suna Konni, na'ura kuwa ta auna tsakani da Allah ta ajiye cibiya a hanya.

"To kai ba ka ga iyaka cikin taswira ba?" in ji Liman.

"Wani ɗan layi dai na gani."

"Yana ina?"

"Na share shi. Ƙazanta shikai min."

Jandarma ya yi dariya har sai da ya dafa baburinsa. Ya ce shekararsa da yawa yana gadin layin nan, bai san ana share shi da yatsa ba, da ya huta tuntuni.

Malam Uzair ya ga abin zai lalace, ya ce addini da sauƙi. Alhaji ya ciyar da miskinai goma kaffarar rantsuwarsa, a juya mota a koma gida a haƙa inda ya dace. Mata suka ce Allah ya saka wa Malam. Mukhtari ya ga ya tsira, har ya fara cewa dama nazari na biyu ya fi na farko inganci.

Amma Alhaji bai ji su ba. Idonsa yana kan wasu matan tungar, can nesa, suna jan guga da jaki daga wata rijiya mai zurfi, abin da ke fitowa rabi laka ne. Ya ɗaga kai ya dubi gawon, ya daɗe yana dubansa.

"Baba Attahiru, wagga ba ita ta tsohuwar hanyar ƙasa ta Konni ba?"

"Ita ta."

"Innata ɗiyar Konni ta. Ina yaro, nan muka hutawa in za mu ganin gida. Nan nika yi mata kukan ƙishirwa, ta ce in haƙura, wurin ga ba ruwa." Ya share ido da bakin rawani. "Malam, na gode. Amma na rantse, kuma sadakar tata ta. Ba ni warware ta. In hukumarku ta yarda, nan za a haƙa."

Mai gari ya jefar da sanda ya ɗaga hannu sama. Jandarma ya ce takarda ba za ta gagara ba, shi da kansa zai kai mai gari gun manya. Matan tunga suka ɗauki guɗar da matan Marina suka yar a hanya.

Mukhtari ya waiwaya ya ga Atika. Ba ta zage shi ba, ba ta ko dube shi ba. Ta kife sabon bokitinta a kai saboda rana, ta bi bayan sauran mata, su kuwa suka buɗe mata hanya. Wannan ya fi masa ruwan wanke-wanke ciwo, kuma a karo na farko tun dawowarsa daga Sakkwato ya nemi abin faɗa ya rasa.

Aka yi 'yan kai-komo na takarda, aka haƙa, ruwa ya fito fari tas, mai daɗi kamar na randa. Unguwar Marina kuwa tana nan yadda take. Matan unguwa suka yi shawara a tsakaninsu, ba su nemi na'ura ba. Rannan da sassafe Mukhtari ya fito ya tarar da kurar 'yan garuwa a ƙofar gidansa, an jera mata jarkoki, kowace da alamar mai ita. Atika tana tsaye a zaure.

"Mi na wanga?"

"Aikin Injiniya na. Ka ce na'urarka ta san hanya mahi kusa, to ta nuna ma."

Tun daga ranar, duk safiya za ka gan shi yana tura kura ta cikin gonaki, in ya wuce turken siminti wayarsa ta yi masa barka da zuwa. Mutanen tunga suna girmama shi ƙwarai, har fura suke ba shi, ba sa karɓar ko sefa ɗaya. Bakin nan nasa kuwa bai yi wata guda ba ya warke. Wata rana ya dawo jiƙe da gumi, ya tarar da mutane a ƙofar gida, ya jingine kura ya dube su.

"Ku yi ta dariya. Amma ku hwaɗa min, duk Illela wane injiniya na aikinai yak kai ƙasar waje?"

Atika ta fito, ta bi jarkokin tana ɗagawa ɗaya-ɗaya.

"Allah shi ƙara ɗaukaka, Injiniya. Ta gidan Jabir ba ta cika ba. Koma ƙasar waje."